KEKEN GININ TUKWANE DA TARBIYYAR YARA: TARIHIN MAKARANTAR ABUJA DA ABIN DA TA BARI

GABATARWA

Ginin tukwane yana daga cikin tsofaffin sana'o'in da ɗan Adam ya sani, kuma a wannan ƙasa tamu ya riga ƙira, ya riga rubutu, ya riga kafuwar birane. Duk da haka nan, wanda ya shiga makarantun da ake koyar da zane-zane da aikin hannu a yau zai tarar cewa idan aka ce za a koya wa yara ginin tukwane, abin da ake nufi shi ne a zaunar da su gaban wani keke mai faifai a bisansa, a ɗora curin yumɓu, faifan yana juyawa suna miƙar da shi da hannu. Iyayen waɗannan yara da kakanninsu ba su san wannan keke ba. Tambayar da wannan lacca za ta bi ita ce: yaya aka yi keken ya shigo Arewacin Nijeriya, me ya sa bai shigo tun da wuri ba, kuma me ya kamata masu tsara ilmi su koya daga tarihinsa kafin su ɗora yara a kansa?

1. KAFIN ZUWAN KEKE

Masu binciken tarihi ta hanyar tona ƙasa sun sami gutsattsarin tukwane a wani wuri da ake kira Unjugu, cikin ƙasar Dogon ta Mali, waɗanda aka kimanta sun haura shekara 11,000. Suna cikin mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. A nan gida kuwa, a shekarar 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu kusa da ƙauyen Nok, sa'an nan daga 1943 Bernard Fagg ya shiga tattara su yana nazarinsu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa mutanen Nok suna gina tukwane tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. Duk waɗannan abubuwa da hannu aka gina su.

Shi kuwa keken gini, a ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat, watau Iraƙi ta yau, aka fara aiki da shi fiye da shekara 5,000 da suka shige. Daga nan ya yaɗu zuwa Masar, ya gangara Kogin Nilu har daular Marawi ta Sudan, ya kuma zauna a biranen Afirka ta Arewa. A ƙasashen Magrib an daɗe ana ganin hanyoyi biyu kafaɗa da kafaɗa: maza a birane suna gini da keke domin kasuwa, matan Barbar a ƙauyuka suna gini da hannu domin gida.

To, a nan ne abin mamaki yake. Fataken Kano da Katsina sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai da kawowa tsakaninsu da Gadamas da Tarabulus, alhazai kuma suna ratsa Masar. Sun kawo takarda da littattafai da tufafi da dabaru iri iri, amma keken gini bai biyo ayari ba. Turawan mulki da dama sun ɗauki wannan a matsayin alamar ci baya. Wanda ya dubi tukunyar kanta da aikin da ake so ta yi, zai ga dalilin da ya fi wannan ƙarfi.

Yumɓun da maginanmu ke aiki da shi suna cuɗa shi da yashi, ko dakakken tsingaro, ko ƙaiƙayi. Wannan haɗi shi ke sa tukunya ta jure wa harshen wuta ba ta tsage ba, shi ne kuma ke barin ƙananan kafofi a jikin tulu da randa, ruwa ya riƙa tsattsafowa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Irin wannan yumɓu mai tsakuwa ba ya hawa keke, domin zai kankare tafin hannun mai gini. Har ila yau tukunyar girki gindinta zagayayye ne don ta zauna daram bisa duwatsun murhu, keke kuwa gindi mai faɗi yake fitarwa. Randa babba ma hannu ya fi saurin tayar da ita. Bugu da ƙari, yawancin magina manoma ne, da rani suke gini, ba su bukatar jarin da ya wuce yumɓu da kara da itace. Ashe ke nan keken ba shi da wata matsala da zai warware musu.

2. YADDA YARO KE KOYON GINI A GARGAJIYANCE

A ƙasar Hausa ginin tukwane sana'ar gado ce, kuma a birane da manyan garuruwa maza na yin ta. Wani Baturen makaranta, W. E. Nicholson, ya rubuta bayanin maginan Sakkwato a 1929. Hunƙuyi kusa da Zariya, da Mirya kusa da Damagaram, har yanzu an san su da tukwane. A ƙasar Gwari kuwa, watau Gbagyi, sana'ar mata ce, 'ya ta gada daga uwa ko daga wata babba cikin dangi.

Babu ranar da ake cewa yau yaro ya shiga koyo. Tun yana ɗan shekara biyar ko shida yana zaune gefen manya, yana murza ragowar yumɓu, yana gina shanu da 'yan tukwanen wasa. In ya ɗan tasa sai a aike shi ɗebo ruwa da tara kara. Daga nan ya bi manya zuwa ramin yumɓu, ya koyi bambanta mai kyau da marar kyau ta launi da danƙo. Sa'an nan ya koyi daka tsingaro, da tankaɗe, da cuɗawa da ƙafa. Sai hannunsa ya san yumɓu sarai kana a bar shi ya gina kasko ko asusu, sa'an nan tukunya, sa'an nan tulu. Randa ita ce ta ƙarshe. Haka nan sirrin matoya, watau yadda ake jera tukwane a lulluɓe su da itace da ciyawa, da sanin lokacin da suka gasu, sai wanda ya daɗe yana kallo ake sakar wa.

Dabarun ginin sun bambanta. Wasu maginan Hausa kan kife tsohuwar tukunya su shimfiɗa yumɓu a bayanta su sami rabin ƙasa, sa'an nan su ɗora sauran. Wasu kan zauna gaban ɗan rami suna bugun yumɓu daga ciki suna juya shi har ya zama ƙwarya. Matan Gwari kuwa sukan kafa curin yumɓu a wuri ɗaya, su huda tsakiyarsa, su riƙa jan gefensa sama suna zagaya shi da baya da baya, suna ƙara murtsattsen yumɓu kamar igiya. Watau maimakon tukunya ta juya, mai ginin ce ke juyawa. Idan an fitar da tukwanen daga wuta, tun da zafinsu akan yayyafa musu ruwan makuba, wanda ke ba su duhu da ƙyalli, ya kuma ƙara musu ƙarfi.

Abin lura a wannan tarbiyya shi ne, yaro yana koyon sana'ar dukanta, tun daga rami har kasuwa, kuma kowane mataki da ya taka yana da amfani ga gidansu nan take. Ba a biyan kuɗin makaranta, ba a jiran kayan aiki daga waje.

3. CARDEW DA MAKARANTAR ABUJA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta shiga neman ƙananan masana'antu da za su rage sayo kaya daga ƙasashen waje. A 1950 Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu ta ɗauki wani Baturen Ingila, Michael Cardew, a matsayin jami'in ginin tukwane. Cardew ya koyi sana'ar ne a hannun Bernard Leach tsakanin 1923 da 1926, ya kuma yi aiki a ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yau, daga 1942, da farko a Acimota, daga baya a garin Vume na bakin Kogin Volta. Duka biyun ba su yi ƙarko ba, amma sun koya masa halin yumɓun Afirka ta Yamma.

Da ya zagaya Nijeriya ya ga aikin maginan gargajiya, ra'ayin da ya bayar shi ne kada a taɓa su, domin tukwanensu sun dace da aikinsu, kuma babu mai iya yin su da araha fiye da haka. Abin da ya ba da shawara shi ne a kafa wata sana'a dabam a gefe, wadda za ta yi kwanoni da farantai da kofuna da butocin shayi na tangaran, domin ma'aikata da 'yan boko waɗanda cin abincinsu ya fara canjawa. Wannan irin kaya shi ne ke bukatar keke.

Wurin da ya zaɓa a Arewa shi ne garin Abuja na Lardin Neja, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau. Shi ne garin da aka mayar Suleja bayan an ɗauki sunansa an ba sabon babban birnin tarayya a 1976. Akwai yumɓu, akwai itace, akwai ruwa, akwai kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau, wanda tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, mai sha'awar tukwanen ƙasarsa har yana tara su a fada. Aka fara gini a 1951, aka soma koyarwa a 1952.

Koyon keke abu ne dabam da koyon gida. Keken na Abuja da ƙafa ake tafiyar da shi. Abu na farko da almajiri zai koya shi ne daidaita curin yumɓu a cibiyar faifai har ya daina rawa, kuma wannan kaɗai kan ci makonni. Sa'an nan ya huda tsakiya da yatsa, ya ja bango sama da hannu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ya yanke gindin da waya. Gwaninta a nan ita ce mutum ya fitar da kofi hamsin duk girmansu ɗaya. Kafin a kai ga haka kuwa sai an jiƙa yumɓu an tace shi, an haɗa shi da farar ƙasa da niƙaƙƙen dutse, an haɗa ruwan ƙyalli daga toka da ma'adinai, an gina tanderun bulo mai jure zafin da ya haura digiri 1,200. Wutar matoya ta gargajiya ba ta kan wuce digiri 900, kuma cikin 'yan sa'o'i ake gama ta. Tanderun Abuja kuwa sai a kwana ana cusa masa itace.

Saboda haka waɗanda aka fara ɗauka samari ne da magidanta masu ƙarfin ƙafa, dukansu maza, yawancinsu ba 'ya'yan magina ba. Keken ya shigo ne ta ƙofar gwamnati, da albashi da ofis da lokacin tashi daga aiki, bai shigo ta tsakar gida ba.

4. LADI KWALI

A fadar Sarkin Abuja Cardew ya fara ganin randunan wata mata 'yar ƙauyen Kwali. An haifi Ladi Kwali wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata babba cikin danginta, ta hanyar da aka bayyana a sama. Tun kafin Turawa su san ta, sunanta ya riga ya zagaya ƙasar Gwari saboda daidaiton tukwanenta da zanen da take yi musu na kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu. A ƙarshen 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Daga baya wasu mata suka biyo ta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

Ladi Kwali ta koyi keke, ta yi kwanoni da kofuna da shi, ta iya ƙwarai. Amma abin da ya kai sunanta duniya randunanta ne na hannu, waɗanda ta ci gaba da ginawa tana zagaya su kamar yadda aka koya mata tana ƙarama, sai dai yanzu da yumɓun tangaran, a shafe su da ruwan ƙyalli, a gasa su a babban tanderu. An nuna su a Landan a 1958 da 1959 da 1962, masu kuɗi suka yi rububin sayensu. Ta je Ingila ta gina tukunya gaban jama'a, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Hotonta tana gini yana bayan takardar naira ashirin da aka fitar a 2007.

Akwai abubuwa biyu a tarihinta da ya kamata a tsaya a kansu. Na farko, mutumin da ya fi kowa fice a makarantar da aka kafa domin keke, shi ne wanda ya zo da ilmin hannu tun daga ƙuruciya. Hannun da ya riga ya san yumɓu bai sha wahalar keke ba. Na biyu, randar da ta shiga tanderun Abuja ta fito da kyan gani, amma ta yi nauyi, kafofinta sun toshe, ba ta sanyaya ruwa, ba ta hawa murhu, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan ado. Matar Kwali da ke son ruwan sanyi sai ta koma kasuwa ta sayi ta gargajiya.

5. ABIN DA YA BIYO BAYA

Manufar farko ita ce waɗanda suka gama koyo su koma garuruwansu su kafa ƙananan masana'antu. An gwada haka a Kano da Sakkwato, abin bai ɗore ba. Dalilan a bayyane suke: tanderu yana cin itace mai yawa a ƙasar da itace ke tsada, kayan haɗi sai an ɗauko daga nesa, sa'an nan kwanon sha da tasa na kanti sun fi araha, ba sa fashewa. Masu sayen kayan Abuja yawancinsu Turawa ne da manyan ma'aikata. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, shi kuwa ya zuba abin da ya koya a littafinsa mai suna Pioneer Pottery wanda ya fito a 1969.

Ba za a ce makarantar ta tafi a banza ba. Ta horar da gwanaye waɗanda wasunsu suka kafa wuraren kansu a Minna da kusa da Kaduna. A 1974 wata 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu wurin Ladi Kwali da abokan aikinta, ta kuwa zama ɗaya daga cikin mashahuran magina na duniya, kuma da hannu take gini. Keken kansa ya sami mazauni a Zariya, a sashen zane-zane na Kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, daga nan ya bazu zuwa kwalejojin horon malamai da na kimiyya da fasaha. Ita dai makarantar ta Suleja, wadda aka sa wa sunan Ladi Kwali, ta yi shekaru tana fama da rashin kulawa.

Ta wannan hanya ce keken ya iso ga yara. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwashe 'ya'yan magina da yawa daga gefen iyayensu a daidai shekarun da hannu ke koyo. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da ya biyo ta, sun yi alkawarin mayar musu da sana'a a cikin aji. Amma an sani cewa kayan koyon sana'a da gwamnati ta sayo daga waje a shekarun 1980, da yawansu sun ruɓe cikin akwatuna saboda rashin lantarki da rashin malamai. A lokaci guda kuma tukunyar dalma da bokitin roba suka cinye kasuwar magina. Sai aka wayi gari yaro ya rasa koyon gida, bai kuma sami na makaranta ba.

KAMMALAWA

Daga wannan tarihi ana iya fitar da darussa uku. Na ɗaya, keke ba ya tafiya shi kaɗai. Yana jan tataccen yumɓu da tanderu da makamashi da kasuwa, kuma duk makarantar da ta sayi keke ba ta tanadi waɗannan ba, ta sayi abin kallo ne kawai. Na biyu, tsarin gargajiya na fara wa yaro da sanin yumɓu da ginin hannu shi ne daidai da ƙarfinsa da hankalinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗan shekara bakwai ba shi da tsawon ƙafa ko ƙarfin damtsen da keke ke bukata, alhali yana iya gina kasko ya ga an toya shi an yi amfani da shi. Idan ya kai sakandare sai a ɗora shi a keke, zai kuwa same shi da sauƙi kamar yadda Ladi Kwali ta same shi. Na uku, malaman wannan fanni suna nan a raye a Kwali da Ushafa da Hunƙuyi da wasu garuruwa masu yawa, ba su da takardar shaida, shi ya sa ba a kiran su aji. Jami'ar da ta ba Ladi Kwali digiri ta riga ta amsa cewa ilminsu ilmi ne.

Nauyin ya rataya a wuyan ma'aikatan ilmi na jihohi da ƙananan hukumomi, da ɗaliban da za su gaje su. Kuɗin keke ɗaya da tanderunsa zai isa a biya maginiya ko magini na gari ladan koyarwa na tsawon lokaci, yumɓu kuwa yana bakin rafi. Amma yawancin gwanayen sun manyanta, kuma wannan ilmi ba a rubuce yake ba, a hannu yake. Duk wanda ya rasu bai koya wa wani yaro ba, ya tafi da nasa.